Yadda Na Raba Gwaggo da Jinya

Tun kafin in san akwai aikin da ake shiga makaranta a koya, har a ba mutum takarda da farar riga a kira shi ma'aikacin jinya, na san Gwaggo. Yayar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ban yi wayo ba, 'ya'ya biyun da ta haifa kuma ba wanda ya kai yaye, sai ta dawo gidanmu a ƙauyenmu da ke bakin daji wajen Kazage, aka ba ta ɗaki kusa da rumbu. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, fuskarta duk zanzana.

A ƙauyen nan in mutum ya kwanta ya wuce kwana uku bai tashi ba, za ka ji sallama a ƙofar gidanmu ana neman Gwaggo. Ita ba boka ba ce, ba kuma ungozoma ba ce. Zama take yi da marar lafiya. Takan ɗauki ƙwarya guda, da sabulun salo, da ƙaramin ludayi, da wasu tsummoki da take wankewa ta shanya a kan danga, ta fita. In ta shiga ɗaki ba ta fara taɓa mai ciwon. Sai ta ɗage asabarin ƙofa tukuna, ta kori kaji, ta share, ta sa a fitar da tabarma rana. Daga nan ta goge masa jiki da ruwan ɗumi, ta juya shi ɗaya gefen, ta zauna da kunu tana ba shi ludayi ɗaya, ta jira, ta ƙara ɗaya. Gidan Musulmi tana zuwa, gidan Kirista tana zuwa, har ruga ana zuwa a tafi da ita. Tana jin Gwaranci kamar yarenta, Fulatancinta kuma yana isar ta tambayi mutum inda yake masa ciwo.

Ita ce ta tsaya mini da na gama sakandare na samu gurbi a makarantar koyon jinya a Kaduna. Mahaifina ya ce tafiyar ta yi wa mace nisa. Gwaggo ta shiga turakarsa, ban san abin da ta faɗa masa ba, amma da ta fito sai ta ce mini, "Je ki haɗa kayanki. Ki koyo abin da ban sani ba."

A shekarar farko akwai darasin da dukanmu muka tsana, wato tarihin aikin jinya da tushensa. Mu allura muka zo koyo, da ɗaurin ruwa, da gwajin jini. Wata dattijuwar malama ce take koyar da shi, gajeriya mai tabarau, wadda ta yi shekaru a ɗakunan marasa lafiya kafin ta koma aji. Ta ba mu labarin matan da suka riƙa bin bayan mayaƙa da ruwa da ƙyalle a farkon Musulunci, har aka kafa wa ɗaya daga cikinsu tanti kusa da masallaci. Ta ba mu labarin matan coci da suka bar aure suka tare a gidajen marasa lafiya. Ta daɗe a kan wata Baturiya da aka tura jinyar sojoji a wani yaƙi can da daɗewa, ta tarar ƙazanta da rashin iska sun fi harsashi kashe su, ta sa aka buɗe tagogi aka wanke ɗakuna, daga baya ta kafa makaranta. Daga wannan makarantar, in ji Malama, aikin ya zama sana'a mai ƙa'ida, ya bazu har ya iso mu.

Sannan ta rubuta kalmomi huɗu a allo: mutum, muhalli, lafiya, jinya. Ta ce duk masanan da suka yi rubutu a kan aikin nan a kan waɗannan huɗun suke kewaye. Likita cutar yake nema, in ji ta, mu kuwa mutumin da cutar ta kama shi ne namu. Aikinmu mu yi masa abin da da kansa zai yi wa kansa in da yana da ƙarfi, ko sani, ko ƙwarin zuciya, mu ci gaba da yi har ya iya, in kuma ba mai tashi ba ne mu raka shi ya tafi cikin mutunci. Na haddace duk wannan, na zuba a jarrabawa, na ci da kyau. Ko sau ɗaya Gwaggo ba ta faɗo mini a rai ba a cikin ajin nan. A ganina tarihi abin mutanen da ke cikin littafi ne.

Abin da ya shige ni sosai darasin ƙwayoyin cuta ne. Ranar da aka sa na leƙa madubin ɗakin gwaji na ga abubuwa suna motsi a cikin ɗigon ruwa, ban iya cin abincin rana ba. Daga ranar komai na gida ya zama mini abin tsoro: randa, moɗa, ludayi, hannun mutane.

A hutun damina na shekara ta biyu na dawo gida na tarar Gwaggo tana jinyar maƙwabciyarmu, wata tsohuwa Kirista da duk gari ke kira Iya mai daddawa. Ta je tsintar kaɗanya a daji kututture ya yanke ta a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo, ya kwantar da ita. Ɗanta ɗaya ne, yana can wajen haƙar zinare, an yi aike ba a same shi ba. Gwaggo ce ke zuwa safe da yamma.

Kwana biyu da dawowata na bi ta da hantsi. Akwai mata huɗu ko biyar a tsakar gidan da suka zo gaisuwa. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo Gwaggo ta kwance tsumman da ke ƙafar Iya, ta wanke ciwon, ta barbaɗa garin bagaruwa, ta ɗauko wani tsumman daga ƙwaryarta za ta ɗaure. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba.

"Gwaggo, me kike yi haka?"

"Ɗauri nake yi, 'yar nan."

"Da wannan tsumman? Wannan ai cuta kike zuba mata. Ke ba ki san abin da ke cikinsa ba. Irin wannan jahilcin ne yake kashe mutane a ƙauye, a ce kwana ne ya ƙare."

Da ƙarfi na faɗa, don matan da ke waje su ji. Ba zan ɓoye wannan ba. Ina so su san cewa na yi karatu.

Gwaggo ta dubi tsumman da ke hannunta, ta juya shi, kamar tana neman abin da na ce yana ciki. Iya ta ce daga kwance, "Haba 'yata, ai tun da ta fara zuwa nake samun barci." Gwaggo ta mayar da tsumman cikin ƙwarya, ta ɗora sabulu a kai, ta miƙe. Ta ce da Iya, "Ga mai sani ta zo. Allah ya ƙara sauƙi." Ta fita ta wuce matan nan kanta a ƙasa.

Na karɓi aikin da murna. Ina da auduga da bandeji da na zo da su, na tafasa ruwa na sa gishiri, kullum da safe in je in wanke ciwon in ɗaure da kyau. Minti ashirin ya ishe ni. Kuma gaskiya ciwon ya fara kyau, warin ya ragu, bakinsa ya yi ja. Na ce da mahaifina lallai a kai ta asibiti a Birnin Gwari, amma rafi ya kawo, mota ba ta shigowa, ita ma Iya ta ce ba mai ɗora ta a kan babur. Da hutu ya ƙare na bar sauran bandejin wurin wata matar maƙwabta, na nuna mata yadda ake yi, na koma makaranta zuciyata fari.

Bayan kamar mako shida wani ɗan garinmu da ya kawo doya Kaduna ya biyo ta makaranta ya gaya mini Iya ta rasu.

Sai da na je gida a hutu na gaba matar da na bar wa bandeji ta ba ni labarin yadda aka yi. Ta ce ƙafar ma ta kusa warkewa. Bayanta ne ya ɓare. Tun da Gwaggo ta daina zuwa ba mai juya ta, ba mai goge mata jiki, ba mai fitar da tabarmarta. Mata suna kawo abinci su ajiye, kowa da gonarta da 'ya'yanta, in sun dawo da yamma su tarar ƙuda ya rufe kwanon, don Iya ba ta iya ɗaga kai ta sha da kanta. Da suka zo ɗaga ta wata rana sai suka ga fatar ƙugunta ta manne da tabarma.

Na ce, "To me ya hana ku kiran Gwaggo?"

"Mun kira ta har sau uku. Ta ce ba za ta iya ba."

Ba Iya kaɗai ba. Tun daga ranar nan Gwaggo ba ta sake zuwa jinyar kowa ba. In an yi sallama sai ta ce a kai shi asibiti, ko a jira 'yar ƙanenta ta zo hutu. Ni kuwa na ɗauka fushi ne. Na ce a raina tsohuwa ta bar maƙwabciyarta ta mutu saboda an gaya mata gaskiya. Wannan tunanin ya yi mini daɗi, don ya rage mini nauyi.

Amma nauyin bai tafi duka ba. Da na koma makaranta na sami Malama a ofishinta na ba ta labarin, ina jiran ta ce na yi daidai. Ta saurare ni har na gama, ta cire tabarau.

"Abin da kika faɗa a kan tsumma gaskiya ne," in ji ta. "Amma gaya mini, kafin ki zo wa yake ba ta abinci a baki?"

"Gwaggo."

"Wa yake juya ta? Wa yake buɗe ƙofa iska ta shiga?"

Malama ta ci gaba da cewa:

"Ke ƙafa kika yi wa jinya. Gwaggonki ita ce take jinyar matar. Duk abin da na tsaya ina rubuta muku a allo shekara guda, a ƙauyenku mutum ɗaya ce take yin sa, kika je kika kore ta. Ki koma ki ba ta haƙuri, ki kuma koya mata abu ɗayan da ta rasa."

Na ce to. Da na je gida na saya wa Gwaggo turmin atamfa, na durƙusa na gaishe ta na miƙa mata. Ta karɓa ta sa mini albarka. Na buɗe baki zan yi maganar sai na fasa. Na ce gobe. Goben nan ta kai shekara ashirin da wani abu.

A cikin shekarun na gama makaranta, na yi aure, na haihu, aka yi ta yawo da ni daga wannan ɗakin shan magani zuwa wancan, a ƙarshe aka dawo da ni asibiti a cikin Birnin Gwari. Na zama irin ma'aikaciyar da ake cewa tana da hannu. Marar lafiya bai taɓa yin ciwon kwanciya a ɗakin da nake kula da shi ba tare da na tayar da hankalin kowa ba, har ƙananan ma'aikata suna tsegumina a kan haka. Ba wanda ya san dalili. Duk sallah ina zuwa gida, in kai wa Gwaggo goro da sabulu, mu yi hirar damina da tsadar taki. Ta koma saƙar faifai da renon jikokin mahaifina. Ƙwaryar nan ban sake ganinta ba.

Sai daji ya ɓaci. Da farko shanu ake kora, daga baya aka koma ɗaukar mutane a gona, har ya zama ba mai iya zuwa tsintar kaɗanya ko yin itace. Mahaifina Allah ya yi masa rasuwa kafin abin ya yi tsanani. Gida-gida mutanenmu suka riƙa tashi, wasu cikin gari, wasu Kaduna, wasu Neja. Ƙanena ne ya ɗauko Gwaggo a bayan babur wata safiya, da ƙullin kayanta a cinya, ya sauke ta a ƙofar gidana. Ta tsufa ƙwarai. Ta dubi gidan, ta dubi layin da mutane ke ta wucewa, ta ce, "Nan ba a jin kukan tsuntsu ko?"

Ba ta cika shekara a wurina ba ƙafafunta suka fara kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya in ta kwanta. Likitanmu ya duba ta ya ce zuciya ce ta gaji. Ya rubuta magani, ya ce da za a samu a kai ta Kaduna a yi mata hoton zuciya da ya fi. A lokacin hanyar Kaduna sai da rakiyar jami'an tsaro, wani lokaci ma da rakiyar a tare mutane. Na ce zan nemi mota duk da haka. Gwaggo ta ce, "Ba za a tare ki a hanya saboda tsohuwar zuciyata ba. Kina da 'ya'ya." Ba yadda ban yi ba, ta ƙi.

Da ta kai ba ta iya tashi sai na ɗauki hutu na zauna da ita. Na mayar da ita ɗakin da ya fi taga, na tara mata matasai a baya don ta riƙa kwanciya a jingine. Ni nake yi mata wanka, in kai mata fo, in juya ta duk bayan sa'a biyu. Ranar farko da na zo juya ta na sa hannu kawai na ja, yadda muka saba a asibiti in aiki ya yi yawa. Ta riƙe mini hannu.

"Ki riƙa faɗa wa mutum kafin ki juya shi. Jikinsa ne. Kuma ki ɗumama hannunki."

Wannan ne karo na farko da ta yi mini maganar jinya tun ranar gidan Iya. Daga nan ta ci gaba, kaɗan-kaɗan. Kada in tsaya a kanta ina ba ta kunu, in zauna daidai da ita. Kada in cika ludayi. In ta kawar da kai kada in bi ta da shi, in jira, za ta dawo. Wasu abubuwan na san su a littafi, wasu ban taɓa ji ba, kuma duk na gwada na ga haka ne.

Wata rana da hantsi ina shafa mata man kaɗanya a baya na tambaye ta wa ya koya mata.

Ta ce shekarar cutar agana ce, tana yarinya, kafin masu lambar rigakafi su fara zuwa ƙauyuka. Duk wanda ta kama sai a kai shi bukkokin da aka yi a bakin daji, a riƙa ajiye abinci daga nesa. Ita da ƙannenta mata biyu aka kai. A can suka tarar da wata tsohuwa Bagwariya wadda aganar ta taɓa kamawa tun tana budurwa ta tashi, don haka ba ta tsoronta. Ba danginta ko ɗaya a cikin bukkokin, ita ta kai kanta. Ita ke ɗebo ruwa a rafi, ta jiƙa musu leɓe, ta raba fatar idonsu da ta manne, ta kore musu ƙuda da ganye. Ƙannen biyu suka mutu kwana ɗaya tsakani. Gwaggo ta tashi. Da ta ji ƙarfi tsohuwar ta ce mata, yanzu ke ma ba za ta sake kama ki ba, tashi ki riƙe mini wannan. Ta zauna a bukkokin har cutar ta wuce.

"Ba ta jin Hausa sosai, ni kuma lokacin ban iya Gwaranci ba," in ji Gwaggo. "Da hannu ta koya mini. Ita ma ta ce wata ce ta yi mata haka a nata lokacin."

Na ajiye kwalbar man. Na zagayo gabanta na durƙusa a ƙasa, na ce, "Gwaggo, ki yafe mini abin da na yi miki a gidan Iya. Na daɗe ina so in faɗa. Na san kin yi fushi, kuma kina da gaskiya."

Ta dube ni da mamaki. "Fushi? Wa ya ce miki fushi na yi?"

"To me ya sa kika daina zuwa?"

Numfashinta ya yi sama, na ɗaga ta na gyara matasan, na jira. Da ya lafa sai ta ce, "Ke aka tura ki koyo. Kika dawo kika ce hannuna cuta yake kaiwa. Ni ban yi karatu ba, ta yaya zan ce ƙarya kike yi? Na koma ɗaki na zauna ina tuna duk waɗanda suka mutu ina jinyarsu. Suna da yawa, 'yar nan. Na ce ashe wataƙila ni ce. Da aka zo kirana wurin Iya na sa mayafi har na kai zaure, sai na ce in na je na ƙarasa ta fa? Na koma." Sannan ta ce, "Tun da kin tayar da maganar, gaya mini tsakaninki da Allah. Ni na kashe su?"

Shekara ashirin da wani abu tana ɗauke da wannan tambayar, muna zama tabarma ɗaya duk sallah muna maganar taki.

Na gaya mata gaskiya, don ba ta cancanci a lallashe ta da ƙarya ba. Na ce ba ita ta kashe su ba. Na ce sharar da take yi, da buɗe ƙofa, da shanya tabarma, da juya mutum, da ba shi abinci a baki, su ne ainihin aikin, su ake koya mana a makaranta da manyan kalmomi, kuma mutane da yawa sun tashi ne saboda su. Na ce tsumman ne kawai. Wanki da rana suna rage cuta amma ba sa kashe ta duka. Da tana tafasa shi a tukunya kafin ta ɗora a kan buɗaɗɗen ciwo, ta kuma bar barbaɗa gari a ciki, shi ke nan.

"Tafasawa?" in ji ta.

"Tafasawa kawai, Gwaggo."

Ta kawar da kai wajen taga. Na ga hawaye yana bin ramukan zanzanar nan, yana tsayawa yana gangarawa. Can ta ce, a hankali, ba da faɗa ba, "Ai da kin faɗa mini a ɗaki. Itace bai taɓa yi mana wuya ba."

Na kifa kaina a gefen katifar na yi kukan da ban yi ba ko ranar mutuwar mahaifina. Ita ce ma ta ɗora hannu a kaina tana cewa ya isa, ta yafe, yarinta ce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ta ce in tashi in ƙarasa shafa man, bayanta yana sanyi.

Ta yi kwana goma sha tara bayan wannan. A cikinsu ta fi sakin jiki da ni fiye da duk zamanmu. Takan tambaye ni marasa lafiyar da na bari a asibiti, wane ciwo ne da su, wa ke zama da su. Na gaya mata yawancinsu yanzu mutanen ƙauyuka ne da aka kora, wasu da raunin bindiga, wasu yunwa da zazzaɓi, wasu kuma ba abin da gwaji ke nunawa, sun dai kwanta sun juya wa bango fuska. Ta ce waɗannan na ƙarshen su za a fi zama da su. Ta roƙe ni abu ɗaya, in ta mutu a kai ta gida a binne ta kusa da ƙannenta. Na ce in Allah ya yarda. Mu duka mun san ba mai iya shiga da gawa wannan dajin.

Ta cika wata Talata da safe, bayan na goge mata jiki na canza mata zane. Ina riƙe da ita a jingine a ƙirjina, ina karanta mata kalmar shahada tana motsa leɓe. Bayanta lafiya lau, ko ɗigon ciwo babu. A maƙabartar cikin gari aka binne ta kafin azahar, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Mutanen ƙauyenmu da ke warwatse a gari sun zo ta'aziyya, Musulmi da Kirista, har tsakar gidana ta kasa ɗaukarsu. A rana ta uku ne na tuna ban tambayi Gwaggo sunan tsohuwar bukkokin agana ba. Na bi dattawan da ke zaure ɗaya bayan ɗaya ina tambaya. Wani ya ce ya ji labarinta a bakin uwarsa, amma sunan ya ɓace masa. Wani ya ce ai ba 'yar garinmu ba ce, daga wajen Tabanni ta zo. Wata tsohuwa ta ce akwai wanda zai sani, wani makaho da ya yi agana a shekarar, sai dai tun da aka watse ba ta san inda 'ya'yansa suka kai shi ba. Na karɓi sunan makahon a wurinta na ba ƙanena, ya yi cigiya a tasha da kasuwa wajen wata biyu, ba a dace ba.